Me ya sa rubutun wasanni yake da gwaɓi, yake kuma karkacewa?

Me ya sa duk fastar gasar ƙwallo da aka manna a bango, daga Fagge har Gyaɗi-Gyaɗi, zubin rubutunta kusan ɗaya ne: manyan haruffa masu gwaɓi, a matse, sun karkata zuwa dama? Me ya sa kuma, duk kyan da suke yi daga nesa, in ka matso sai ka tarar an rubuta Kofar Mata a inda ake nufin Ƙofar Mata, ko ka ga ɗan akwati zaune a gurbin ɗ? Duk sa'ad da kakar wasa ta kama, ko gasar unguwanni ta taso bayan sallah, wannan magana sai ta dawo a majalisu da shafukan Facebook. Wani ya ce jesin bana ta yi kyau, wani ya ce lambar ba ta karantuwa daga inda 'yan kallo suke zama, wani ya ce ai duk mai waya yana iya yin irin wannan, danna maɓalli biyu ne kawai, na gwaɓi da na karkatarwa. Maganar ƙarshen nan ita ce kuskuren da ya fi yawo, kuma daga gare ta sauran matsalolin suke tsirowa.

Abu uku ne ake haɗawa wuri guda

Abin da masu aikin kwamfuta da maɗaba'a suke kira fon shi ne zubin haruffa: cikakken saiti na baƙaƙe da wasula da lambobi da alamomin rubutu, wanda mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ya zana don su dace da juna. Akwai zubin da aka yi don karatu mai tsawo, irin na cikin littafi da jarida. Akwai kuma wanda aka yi don kanu, wato kalma biyu ko uku da ake so ido ya cafke kafin mai babur ya wuce. Rubutun wasanni yana cikin kashi na biyu.

A cikinsa akwai gwaɓi, wato kaurin jikin harafi. Akwai matsewa, wadda ke sa harafi ya yi tsawo ya rage faɗi don suna mai tsawo ya shiga bayan riga ko faɗin bana, wato ƙyallen talla. Sai karkata, wadda yawanci ba ta wuce digiri 8 zuwa 15 daga tsaye. Ita kanta karkatar iri biyu ce, kuma ba kowa ya san bambancin ba. Akwai rubutun tsutsa na asali, wanda siffar haruffansa dabam ce, an ɗauko ta daga rubutun hannu. Akwai kuma harafin tsaye da aka jingina shi gefe ba tare da an sauya masa siffa ba. Kusan duk abin da muke gani a tambarin wasanni na biyun ne.

Ba don wasa aka ƙirƙiro shi ba

Karkataccen harafi na farko da aka zuba da ƙarfe ya fito ne a birnin Benis na Italiya a 1501, a maɗaba'ar Aldus Manutius, kuma Francesco Griffo ne ya sassaƙa shi. Ƙananan littattafai na waƙoƙin Latin aka buga da shi, waɗanda mutum zai riƙe a hannu. Ƙananan haruffa kaɗai aka karkatar a lokacin, manyan suna tsaye kyam. Yau a filin wasa akasin haka ake yi, manyan ne ake karkatarwa.

Gwaɓin kuwa daga kasuwa ya zo. A farkon shekarun 1800, masu zuba haruffa a Landan suka fara yin haruffa masu kauri sosai don fastocin bango da tallan tikitin caca, domin bangon gari ya cika da takardu, kowa yana neman tasa ta rinjayi ta maƙwabcinsa. A 1927 Paul Renner ya fitar da zubin Futura a Jamus, a 1965 kuma Geoffrey Lee ya zana Impact a Ingila. Wannan na ƙarshe, da yake yana zuwa tare da Windows, ba shagon ɗab'i a Kano da bai taɓa buga bana da shi ba.

Haɗuwar gwaɓi da karkata da wasanni aikin kamfanonin kaya da gidajen talabijin ne. Tun ƙarshen shekarun 1970 Nike take rubuta sunanta da manyan haruffan Futura masu gwaɓi, matsattsu, karkatattu. Tashar ESPN ta Amurka, wadda aka buɗe a 1979, ta koma tambarinta na yanzu a 1985, shi ma a karkace. Tseren motoci ya bi sahu. Da tauraron ɗan adam ya shigo da Firimiya da Laliga gidajen kallon ƙwallo na Kano, yaran da suka taso suna kallon wannan zubi a jikin allo sai suka ɗauka haka wasa yake rubuta sunansa. Su ne yau suke zaune gaban manhajar zane ta CorelDRAW a shaguna, ko suke haɗa fasta da PixelLab da Canva a waya.

Karkata gudu ce, amma ga wa?

Dalilin da ake bayarwa shi ne ɗan tsere yana sunkuyar da jiki gaba in ya ɗiba da gudu, don haka harafin da ya karkata gaba yana sa ido ya ji motsi. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai ina ne gaban? Ga mai karatun boko, gaba ita ce dama, don can rubutu yake dosa. Ga mai karatun Larabci ko ajami, gaba hagu ce.

An taɓa gwada wannan da ƙwallo kanta. A wani bincike da Anne Maass ta Jami'ar Padova da abokan aikinta suka wallafa a 2007, an nuna wa mutane bidiyon cin ƙwallo ɗaya, sau ɗaya tana tafiya daga hagu zuwa dama, sau ɗaya an juya hoton. Italiyawa suka fi ganin ƙarfi da sauri a wadda ta nufi dama, masu karatun Larabci suka fi ganinsu a wadda ta nufi hagu. Ashe sabon ido ne, ba halitta ba. Mu kuwa a Kano yawancinmu da allo muka fara kafin biro, idonmu ya saba da hanyoyin biyu. Shi ya sa abin yake ɓata mini rai in na ga bana mai harshe biyu, an kama layin Larabci ko na ajami an karkatar da shi dama don ya yi daidai da na boko. Rubutu yana tafiya hagu, jikinsa yana komawa baya. Rubutun Larabci ba shi da al'adar karkatarwa irin ta boko, yana da nasa hanyoyin nuna girma da ƙarfi.

Kuma ba mu rasa namu ba. Rubutun Kano, wanda alarammomi suke rubuta Alƙur'ani da shi da alƙalamin kara, rubutu ne mai gwaɓi tun asali, mai cika ido daga nesa. Har an mayar da shi zubin kwamfuta: ƙungiyar SIL mai aikin harsuna ta fitar da zubin Alkalami a 2017, kyauta, bisa wannan salo. Mai shirya gasar dambe ko langa da yake son kanu da ajami yana da abin da zai ɗauka ba tare da ya lanƙwasa komai ba.

Maɓalli biyu ba sa yin aikin mai zane

In ka ɗauki harafin tsaye ka sa kwamfuta ta jingina shi, ba komai take yi ba sai tura samansa gefe. Daga nan sai sandunan da suke kwance su tsaya da kaurinsu, na tsaye su ɗan rame, na gicciye kuma ɗaya ya kumbura ɗaya ya sirance. Dubi A ko W da aka yi wa haka, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. O kuma sai ta zama kamar an murɗe ta. Mai zana fon na gaskiya yana bin kowane harafi ya gyara waɗannan da hannu, ya kuma daidaita tazarar da ke tsakanin haruffa, domin karkata tana buɗe wani gurbi ta toshe wani. Aikin watanni ne.

Abin da ya fi wannan muni shi ne jan rubutu da linzamin kwamfuta don ya cika fili. Sunan ƙungiya ya yi tsawo, sai a matse shi ta gefe, sandunan tsaye su zama zare, na kwance su tsaya da ƙibarsu. Wanda bai san sana'ar ba ma yana jin akwai abin da bai zauna ba, ko da bai iya faɗin ko mene ne ba.

A kan lambar jesi abin ya wuce maganar kyau. Gwaɓi yana cinye ramin da ke cikin 6 da 8 da 9 da 0, karkata kuma tana kusanta 1 da 7. Alƙalin wasa da zai rubuta wanda ya ba kati, da mai sharhi a rediyo, da ɗan kallo da ke can saman filin wasa na Sani Abacha, duk lamba suke nema ba ado ba. Saboda haka ƙa'idar FIFA ta ce lambar baya ta kai tsawon santimita 25 zuwa 35, launinta kuma ya bambanta sarai da na rigar. Gasar Firimiya tun 1997 zubi ɗaya ta ɗora wa dukkan ƙungiyoyinta na suna da lamba. Manya ma suna tuntuɓe: a watan Afrilun 2024 sai da Adidas ta dakatar da sayar da rigar Jamus mai lamba 44, saboda yadda aka zana 4 ɗin ya sa biyun sun yi kama da alamar rundunar SS ta zamanin Hitila, aka sake zanen. Abin lura shi ne manyan ƙungiyoyi sun fi barin karkata ga fasta da talla, lambar baya kuwa galibi a tsaye take.

Haka nan manyan haruffa zalla suna rage saurin karatu. Gwaje-gwajen Miles Tinker na Jami'ar Minnesota sun nuna ragin ya haura kashi 10 cikin 100. Wannan zubi muryar mai shela ce: a bakinsa kalma uku suna tara jama'a, amma ba a ba shi doguwar wasiƙa ya karanta. Fastar da aka rubuta sunan gasa, da ranar wasa, da wurin taro, da sunayen manyan baƙi goma sha biyu, da lambar waya, duk da gwaɓi a karkace, ba abin da ido zai riƙe a cikinta.

Inda Hausa take faɗuwa: ɓ, ɗ, ƙ

Nan ne abin ya fi damuna, kuma nan ne aka fi yin shiru. Wasan da muke magana a kansa ƙwallon ƙafa ne, ƙ biyu. Filinmu yana Ƙofar Mata. Sunayen 'yan wasanmu cike suke da Ɗanladi da Ɗanjuma da Ɓaidu da Ɗahiru. Amma mafi yawan zubin wasanni da ake saukewa daga intanet ba su da waɗannan haruffa ko ɗaya.

Dalilin a bayyane yake. Mai zana fon a Turai ko Amurka yana zana haruffan Ingilishi, ya ƙara na Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci, ya ce ya gama. A tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991 don a ba kowane harafi na duniya lambarsa, haruffanmu suna nan, amma a warwatse. Ƙ babba da ƙarama, da Ɓ da Ɗ manya, suna wani rukuni na ƙarin haruffan Latin, su kuwa ɓ da ɗ ƙanana suna can cikin alamomin masana furuci. Mai zanen da babu wanda ya ce masa akwai miliyoyin mutane da ke rubutu da su ba zai bi ta nan ba. Impact da kowa yake ji da shi ba shi da su.

To, me ke faruwa a shago? Ɗayan uku. Ko manhaja ta saka ɗan akwati. Ko ta aro harafin daga wani zubin, sai ka ga siririyar Ƙ a tsaye tana jan ragamar kalma mai gwaɓi da ta karkata. Ko kuma, wanda ya fi yawa, mai zane ya cire lanƙwasar ya huta. Ran nan sai kanu ya fito cewa masu gida sun lallasa baki, alhali baƙi ake nufi. Mai karatu yana gane manufa, haka ne, amma yaron firamare da malami ya sha wahalar koya masa bambancin k da ƙ yana ganin bana mai tsawon mita uku tana gaya masa bambancin ba shi da amfani. Rubutun da ya fi kowanne girma a titi shi ne ya fi koyarwa. Wasu suna ƙoƙari su sa waƙafi a sama, su rubuta K' ko 'D, abin da aka gada daga zamanin keken rubutu. Wasu suna zana ƙugiyar da hannu su liƙa, kuma in an yi da natsuwa ba laifi.

Gaskiya kuma aikin ba shi da sauƙi ko ga gwani. Ƙugiyar Ɗ da Ɓ manya tana fitowa ne ta saman hagu, ta Ƙ kuma a kan hannunta na dama. A zubi matsattse mai gwaɓi ba fili. In an yi ta ƙarama ta ɓace daga nesa, in an yi ta babba ta ci maƙwabcinta. Haka waƙafin 'YAN yake maƙalewa a jikin Y. Matsala ce ta zane, kuma tana da magani, sai dai wanda ya san yadda harafin yake a idon Bahaushe shi ya fi cancanta ya yi maganin.

Ba yau aka fara wannan gwagwarmaya ba. A shekarun 1930 aka shigar da haruffa masu lanƙwasa cikin rubutun boko, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939 ta saba wa jama'a da su. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta sa aka yi zubi ɗaya da zai ɗauki harsunan Nijeriya, har da hannun shahararren mai zanen nan na Jamus Hermann Zapf. Duk waɗannan sun kula da rubutun littafi. Rubutun kanu da na filin wasa ne aka bari a baya.

Akwai mafita yanzu ma, kyauta. Noto Sans na Google yana da haruffanmu duka, yana da mai gwaɓi, da matsattse, da karkatacce da aka zana da gangan. Fira Sans ma haka. Gwajin ba ya cin minti ɗaya: kafin ka zaɓi zubi, rubuta ƘWALLON ƘAFA, ƊAN WASA, ƁARAKA, da manya da ƙanana, sannan ka jera lambobi daga 0 zuwa 9, ka ja da baya taku goma ka duba.

Masu so da masu ƙi

Masu son wannan salo suna da hujja mai ƙarfi. Yana jan ido, yana sa gasar unguwa ta ji kanta kamar babba, kuma yaran da suka haɗa kuɗi suka buga jesi suna shiga fili da ƙwarin gwiwa. Mai gidan kallo ya san allon da ya rubuta wasan yau da manyan haruffa ya fi kawo mutane. Ba na raina wannan ko kaɗan.

Masu ƙi suna cewa kowa ya zama ɗaya. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009 bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar, ƙungiya ce mai tarihin da ya isa a gane fastar magoya bayanta tun kafin a karanta kirarinta na Sai Masu Gida. In zubin da masoya suke sa mata shi ne na kowace ƙungiya a duniya, an rasa wani abu. Rigar da Nike ta yi wa Nijeriya a gasar cin kofin duniya ta 2018 ta yi farin jini ne don ba ta yi kama da ta kowa ba.

Akwai ƙorafi na biyu da iyaye suke yi, kuma ina tare da su. Kamfanonin cacar ƙwallo sun rungumi wannan zubi sosai, har fastar gasar yara 'yan ƙasa da shekara 15 takan fito da kamannin tallan caca, launi da rubutu da komai. A garin da Hisbah take rufe shagunan caca, mai zane ya kamata ya san kamannin da yake ara.

Lasisi, da abin da ke fita daga aljihu

Fon kaya ne mai mai shi. Da yawa daga waɗanda ake saukewa kyauta an rubuta a jikinsu cewa don amfanin kai ne kawai, ba don kasuwanci ba. Fastar wasan sada zumunci ba wanda zai bi ta, amma ƙungiyar da ta sa shi a tambarinta, ta buga riguna tana sayarwa a Sabon Gari da intanet, ta gina alamarta a kan abin da ba nata ba, kuma ranar da ta yi suna ita ce ranar da mai shi zai gan ta.

Asarar yau da kullum ta fi wannan kusa. Ka tura aikinka maɗaba'a ba ka mayar da rubutun zane ba, kwamfutarsu ba ta da fon ɗinka, ta musanya shi da wani, bana ta fito da akwatuna, kuɗin bugu na biyu a kanka. Zubi mai tsinin kusurwoyi kuma, in aka yanka shi a leda aka manna da injin zafi, daga tsinin yake fara ɓaɓɓakewa bayan 'yan wanki, jesi goma sha takwas su lalace kafin gasa ta ƙare.

Lasisin buɗaɗɗen fon da SIL ta fitar a 2005, wanda Noto da Fira da Alkalami suke ƙarƙashinsa, ya halatta a yi kasuwanci da su, ya kuma halatta a gyara su, a ƙara haruffa, a raba wa jama'a, muddin an bar sabon a ƙarƙashin lasisin kuma an kiyaye sharaɗin sauya suna inda mai shi ya gindaya. Ke nan duk wani zubin wasanni mai wannan lasisi da ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, ɗalibin zane a Jami'ar Ahmadu Bello ko matashi a shagon ɗab'i a Fagge yana da ikon ya zana masa su. Haruffa takwas ne in an haɗa da ƴ ta 'yan'uwanmu na Nijar, manya da ƙanana. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero tana da masanan da za su duba ko siffar ta yi daidai, manhajar FontForge da ake yin aikin da ita kuma kyauta ake sauke ta.